Magadan Burodin Kwalba

A garinmu, wanda ke gefen hanya idan ka baro Tudun Wada ka nufi Doguwa, ba a tambayar mutum abin da ya iya. Abin da ake tambaya shi ne wa ya haife shi. In ubanka magini ne, kai ɗan gado ne, ko da katangar da ka ɗora ba ta ganin ƙarshen damina. In kuwa ka shigo sana'a da ƙafarka, ba uba ba kaka, to sunanka ɗan haye, kuma da sunan za a binne ka ko da kai ka gina masallacin Juma'a. Na koyar a firamaren garin har na yi ritaya. 'Ya'yan gado iri-iri sun bi ta hannuna, wasunsu ko da rula ba sa iya jan layi ya miƙe, amma yau su ake kira idan za a fitar da harsashin gida.

Yayana ɗan haye ne. Mahaifinmu malamin allo ne kuma manomi, bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Yaya ya yi sauka, ya yi noma, daga baya ya daɗe yana aikin wuta a wani gidan burodi a Tudun Wada. Shi ke hura tanderu, shi ke kwashe toka. Mutum ne marar hayaniya, mai yawan gaisuwa, irin wanda zai ba ka haƙuri idan ka taka masa ƙafa. Wannan hali nasa ya sha ba ni haushi tun muna yara, domin ni ban gaji haƙurin gidanmu ba.

A bayan gidan burodin akwai juji, inda masu shayi ke zubar da ɓawon ƙwai, masu shaguna kuma ke watsa fasassun kwalabe. Wata rana aka cinna wa jujin wuta da tsofaffin tayoyi. Da ta mutu, Yaya ya tsinci wani dunƙule baƙi-baƙi a cikin tokar, duk jikinsa ƙananan ramuka, ba shi da nauyi ko kaɗan. Kwalba ce ta narke ta haɗu da ɓawon ƙwai ta kumbura. Wani zai shure shi ya wuce, amma shi mai gasa burodi ne, ya ga abu ya tashi a wuta, sai ya sa a aljihu ya kawo gida. Da ya nuna mini na yi dariya, na ce ya kai wa matarsa ta sa a miya.

Daga nan bayan gidansa ya koma matattarar kwalabe. Ya samo tsohon injin niƙa yana mayar da su gari, ya gina tanderu nasa na daban, ya haɗa masa injin hura iska saboda wutar burodi ba ta isa narka gilashi. Shekaru ya yi a kan abin nan. Yatsunsa duk suka zama tabo. Matarsa ta daina barin kaji su zagaya baya, ni kuma na daina kai masa 'ya'yana ba takalmi. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba cewa wannan wahalar banza ce, sai ya yi murmushi ya ce wa ya sani.

A ƙarshe dai bulo ya fito. Ka ɗauke shi da hannu ɗaya kamar ka ɗauki busasshiyar ƙwarya, ka jefa shi a ruwa ya yi ta yawo a sama. Gara ba ta kula shi, zafin rana ba ya ratsa shi. Aibinsa ɗaya, gautsi. Jaki ya harbe shi sai ya dare. Yaya ya sa masa ragar waya a ciki, irin wadda ake yi wa kaji keji da ita, sai wata matsalar ta ɓullo: idan bulon yana hucewa, wayar da gilashin ba sa tsukewa tare, sai ya tsage tun a cikin tanderu. Wannan ta fi cin ransa. Can da daɗewa ya gano cewa idan ya dama ƙasar suri kamar kunu, ya tsoma wayar a ciki ya shanya ta bushe kafin ya binne ta a garin kwalbar, bulon zai huce lafiya lau. Wannan dabarar mu uku muka san ta, shi da matarsa da ni.

Sarkin maginan garinmu a lokacin wani dattijo ne mai ƙaton rawani da ƙaramin sani. Allah ya jiƙansa, amma mutuwa ba ta sa in ƙara masa abin da ba shi da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin laka a hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya zauna a inuwar da magina ke taruwa kusa da kasuwa, ya raba wa 'ya'yansa ayyuka, ya ci goron masu gini, ya ba da labarin soron da kakansa ya gina, soron da ba wanda ya san inda yake. Shi ne ya raɗa wa bulon Yaya suna burodin kwalba, don a yi dariya, aka kuwa yi. Ya ce ɗan malam ya koma ga allonsa, gini ba a tsintarsa a juji. Da Yaya ya tashi gina mini ɗaki da bulonsa, ba maginin da ya yarda ya ɗora masa ko layi ɗaya. Shi ya kwaɓa, shi ya ɗora, har ya kai rufi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk da haka kowace Juma'a sai Yaya ya ƙulle goro ya je gaishe da tsohon nan. Zai tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa a ƙasa, su kuwa ko gusawa ba sa yi su ba shi bakin tabarma. Na tambaye shi me yake nema a wurin mutanen da ba su kai shi ba. Amma ni da kaina na san amsar. So yake wata rana tsohon ya buɗe baki a gaban jama'a ya kira shi magini.

Ana nan, da bazara, wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni. Yarinya ce da na koyar tun tana ƙarama, yanzu lauya ce a Kano. Na shigar da ita ɗakin nan da Yaya ya gina, ana tsananin zafin da ko kaza ba ta fita tsakar gida. Ta zauna ta dubi sama ba fanka, ta shafa bango ta ji sanyi, ta tambaye ni da me aka yi shi. Na kai ta wurin Yaya. Ta juya bulon, ta ƙwanƙwasa, ta yi tambayoyi, sannan ta gaya mana abin da ba mu taɓa ji ba: cewa hukuma tana ba mutumin da ya ƙirƙiro sabon abu takardar shaida, a rubuta sunansa a matsayin mai abin, kuma na wasu shekaru ba wanda zai yi irinsa ya sayar sai da yardarsa.

Ta koma Kano ta yi bincikenta ta dawo, kuma ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce shi kansa bulon gilashi mai kumfa an daɗe da saninsa a wasu ƙasashe, don haka ba wanda zai ba Yaya takarda a kansa. Amma wannan dabara ta tsoma waya a kunun ƙasar suri, ta duba inda za ta iya dubawa ba ta ga an rubuta ta ba. Ba ta yi alkawarin za a samu ba, ta ce dai akwai abin nema. Sharaɗi biyu ta kafa masa. Na farko, dole abin ya kasance sabo, wanda mutane ba su riga sun sani ba kafin a shigar da takarda, saboda haka ya kama bakinsa. Na biyu, dole ya faɗa ya kuma sa hannu cewa shi ne ya ƙirƙiro, ba koya ya yi a wurin wani ba.

Ranar na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba. Ban damu da abin da takardar za ta kawo ba. Ni dai in ga sunan ɗan malamin allo a rubuce, a ce wannan nasa ne, shi ya fara, kuma ba wani mai rawani da zai goge.

Kama baki kuwa a garinmu wahala gare shi, domin ko kai ka yi shiru, mota ba ta yin shiru. An ga motar lauya ta tsaya ƙofar gidan Yaya har sau biyu. Kafin mako ya zagayo labari ya kai inuwar magina cewa gwamnati za ta ba mai burodin kwalba takarda, wasu ma suka ce har da kwangilar gina makarantu. Sai ga mutanen da ba sa amsa masa sallama sun fara tsayar da shi a hanya suna tambayar lafiyar iyali.

Ranar da lauyar ta zo da wani injiniya da zai zana bulon ya rubuta bayaninsa, da hantsi ne, muna zaure. Ina shigo da ruwa sai na ji sallama, sai ga sarkin magina da babbar riga, 'ya'yansa na biye da shi. Ba wanda ya gayyace shi. A iya sanina bai taɓa taka zauren nan ba sai ranar. Yaya ya miƙe da sauri ya ba shi kujerar da ya tanadar wa baƙi. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Tsohon ya sa aka miƙo masa bulo ɗaya, ya riƙe shi yana jinjinawa yana gyaɗa kai, sai ka rantse da shi aka yaye shi. Sannan ya gyara murya ya dubi baƙin.

"Ai wannan aiki gadonmu ne," in ji shi. "Kakanninmu sun yi shi a Riruwai tun zamanin haƙar kuza, da wayarsa da komai. Daina yi aka yi. Wannan yaro kuwa namu ne, a hannunmu ya samu. Magini ne, ɗan gida."

Na dubi Yaya. Wallahi fuskarsa ta yi haske kamar yaron da aka saya wa takalmin salla. Kalmar da ya yi shekaru yana kai wa goro ita ce ta faɗo masa a gaban baƙi. Ni kuwa abin da na gani shi ne lauyar ta ajiye bironta.

Daga bakin ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, wane kakan ne daga ciki? Don mu ma mu san wanda za mu yi wa addu'a."

Bai ko juyo ba. Ya ce wa bango, sha'anin sana'a ba na mata ba ne. 'Ya'yansa suka yi 'yar dariya, har da babban, wanda na sha fama da shi a aji kafin ya iya rubuta sunansa.

Lauyar ta san mutanenta, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ta sassauta murya ta juya wurin Yaya. "Baba, ka gafarce ni, daga bakinka nake so in ji. Wannan dabara ta waya, kai ka gano ta, ko a wurinsu ka samu?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana murza tabon yatsunsa. In ya ce shi ya gano, ya ƙaryata dattijo a gaban 'ya'yansa da baƙi, ya kuma mayar da kansa ɗan haye da bakinsa. In ya ce gado ne, ya zubar da wahalar shekarunsa. Na tsaya da tiren ruwa a hannu ina roƙon Allah ya ba shi rashin kunya ko na minti ɗaya ne.

"Yadda Sarki ya faɗa, haka ne," in ji Yaya.

Tsohon ya sa albarka, ya sha ruwan da na kawo wa wasu, ya tashi ya tafi da tawagarsa.

Bayan sun fita lauyar ta biyo mu cikin gida. Ta ce ta gane kara ya yi wa babba, kuma maganar zaure ba ita ce ƙarshe ba. Tunda har yanzu ba wanda ya san sirrin ƙasar surin, idan ya yarda ya sa hannu a kan gaskiya za a iya ci gaba. Yaya ya yi mata godiya har ta ji kunya, sannan ya ce ba zai iya ba. Wai idan ya sa hannu ya rubuta wa hukuma ke nan cewa dattijo maƙaryaci ne, mutumin da ya kira shi magini a bainar jama'a. Na ce masa ai maƙaryacin ne. Na ce kakan tsohon nan ko kwalbar turare bai taɓa narkawa ba, kuma a zamanin da yake faɗa ragar kaji ma ba ta zo garin ba. Na faɗi maganganu da yawa ranar, wasu ba su dace ƙanwa ta faɗa wa wanta ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Ya bari na gama, ya ce in yi haƙuri. Lauyar ta ce zai iya sake tunani, ita dai roƙonta kada ya nuna wa kowa.

Ba a yi nisa ba 'ya'yan sarkin magina suka zo da sassafe, wai mahaifinsu ya turo su a tuna musu gadonsu. Kalmar da suka yi amfani da ita ke nan, a tuna musu. Ban taɓa jin gadon da sai mai gasa burodi ya tuna wa magada ba. Suka tsaya cirko-cirko a bayan gida da hannuwa a aljihu, ba wanda ya san ta inda ake zuba gari a tanderu. Ɗaya ma ya tambaya ko ana sa yis. Yaya kuwa ina zai hana mutane abin da ya amsa da bakinsa cewa nasu ne? Ya nuna musu niƙa, ya nuna musu awon ɓawon ƙwai, ya nuna musu yadda ake barin wuta ta mutu a hankali. Matarsa ta leƙo ta yi masa alama da ido, ya kau da kai, ya ɗauko bokitin kunun surin ya tsoma waya a gabansu.

Kafin kaka tanderu ya tashi a gidan sarkin magina. Yaransu suka koya, wani ya tafi da shi Kiru, wani ya kai Bebeji, wani kuma ya ɗauki hoton aikin da wayarsa ta hannu tun daga farko har ƙarshe ya watsa wa duniya. Na farko-farkon da suka yi duk tsagewa suke, sai su aiko a kira Yaya ya gyara musu, shi kuma ya bar nasa aikin ya tafi da sauri. Lauyar ta kira ni ta ce, Malama, tunda abin ya shiga kasuwa ƙofa ta rufe, ba sauran sabon abu da za a kai. Ta ba ni haƙuri, ita da ba ta yi laifin komai ba.

Ba zan ɓoye ba, Yaya ya samu abin da ya samu. Aka gusa masa a inuwar magina ya zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. In ana rabon goron gini a miƙo masa ɓari. Na sha wucewa ta kasuwa in hango shi can a gefe yana dariyar labarin soron kakan nan, kuma na ga yana jin daɗi da gaske. Tsohon kuma ya daina cewa burodin kwalba, ya koma cewa bulon gidanmu. Masu zuwa saye daga Doguwa da Tudun Wada gidan tsohon ake nuna musu. Na raina mutanen nan raini mai tsanani, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na wayi gari na tarar rainin ya fara shafar ɗan'uwana, mutumin da ya goya ni.

Shekarun baya kaɗan tsohon ya rasu. Yaya na cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya yi kuka kamar ubansa ne. Bayan an share makoki aka naɗa babban ɗan a madadinsa, wato tsohon ɗalibin nan nawa. Ba a jima ba ya aiko wa Yaya da saƙo ta bakin ƙanensa. Saƙon cikin ladabi yake, har da tambayar lafiyar iyali. Wai yanzu masu gasa bulon sun yi yawa, ana ɓata wa gidansu suna, don haka sun yanke cewa duk mai son ya hura tanderu sai ya zo ya nemi izinin gidan. Kuma tunda kowa ya ji da kunnensa Baba, wato Yaya, ya shaida cewa aikin gadon gidansu ne, zai yi kyau shi ya fara zuwa don sauran su gani su bi.

Matarsa ce ta zo ta gaya mini, idonta jawur. Na yafa mayafi na tafi. Na same shi a tsakar gida ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, yana ƙulle goro a ganye. Tanderunsa na baya a kashe, tun da saƙon ya iso bai hura ba. Ban yi masa faɗa ba, na gaji da faɗan.

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka je. Kai ka tsinto shi a juji. Ina nan, na gani."

Ya ce ya sani. Ya ce amma magana ta riga ta fita daga bakinsa a gaban shaidu, kuma wanda zai iya warware ta yana kabari. Ya sa takalmi ya fita.

Na zauna da matarsa a tabarma muna jira. Wajen la'asar ya dawo. Tun daga zaure muka ji sallamarsa da ƙarfi, ya shigo yana fara'a, ya ce mu taya shi godiya, sun yi masa izini, gobe ma zai iya hura wuta. Ya ce yaran suna da kirki ƙwarai, domin da ya zo durƙusawa babban ya ce a'a Baba, tsuguno ma ya isa.